BABI NA BIYU: RA'AYOYIN MASANA GAME DA BUNƘASA DA FAƊUWAR DAULAR SONGHAI (1464–1591)

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bitar abin da masana suka rubuta game da yadda daular Songhai ta bunƙasa da kuma yadda ta faɗi. Daular ta tashi daga matsayin ƙaramar masarauta a birnin Gawo, a bakin kogin Kwara, ta zama babbar daula a Yammacin Sudan cikin shekaru kamar 30 kawai, sannan wata runduna da ba ta wuce mayaƙa 4,000 ba ta karya ƙashin bayanta a shekarar 1591. Wannan saurin tashi da saurin faɗuwa ne ya sa manazarta suka daɗe suna tofa albarkacin bakinsu a kan al'amarin. Za a fara da duba madogaran da masanan suka yi amfani da su, domin ƙarfin kowane ra'ayi yana rataye ne a kan ingancin madogararsa. Daga nan sai a dubi ra'ayoyin da suka shafi bunƙasa, da dangantakar daular da ƙasar Hausa, da kuma dalilan faɗuwarta.

2.1 Madogaran Tarihin Songhai

Kusan duk abin da aka sani game da sarakunan Songhai ya fito ne daga littattafai biyu na Larabci, wato Tarikh al-Sudan da Tarikh al-Fattash. Na farkon Abdurrahman al-Sa'adi ne ya rubuta shi, wani malamin Tambutu da aka haifa bayan zuwan Marokawa, wanda kuma ya yi aikin magatakarda a fadarsu. Ya kammala shi wajen shekarar 1655. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya ci karo da kwafinsa a Gwandu a shekarar 1853, ya kwafi wasu sassa, amma ya ɗauka cewa Ahmad Baba ne marubucin. Daga baya Octave Houdas ya buga matanin Larabcin a Faransa a 1898, ya kuma fitar da fassararsa a 1900. A shekarar 1999 John Hunwick ya fitar da fassarar Ingilishi tare da sharhi mai yawa.

Littafi na biyu Houdas da Maurice Delafosse ne suka buga shi a 1913, suka jingina shi ga Alƙali Mahmud Ka'ati, wanda aka ce ya yi zamani da Askiya Muhammadu. An daɗe ana kallon sa a matsayin shaidar ganau. Amma a 1971 Nehemia Levtzion ya nuna cewa ainihin littafin aikin wani jikan Ka'ati ne da ake kira Ibn al-Mukhtar, a ƙarni na 17, kuma an cusa masa wasu sassa a ƙarni na 19. Mauro Nobili, a littafinsa na 2020, ya ƙara gaba, inda ya kawo hujjoji cewa wani malami mai suna Nuhu ɗan Ɗahiru ne ya sake tsara littafin domin ya ƙarfafa matsayin Shehu Ahmadu Lobbo na Masina. Daga cikin sassan da aka cusa akwai bayanin da ke cewa Askiya Muhammadu shi ne halifa na 11, kuma na 12 zai bayyana daga baya a Masina. Haka kuma sassan da suka lissafa wasu ƙabilu a matsayin bayin sarki sun shiga cikin waɗanda ake tuhuma.

Daɗin daɗawa, Paulo de Moraes Farias ya yi nazarin rubuce-rubucen Larabci da ke jikin duwatsun kaburbura a Gawo-Sane da wasu wurare na ƙasar Mali ta yau. A littafinsa na 2003 ya nuna cewa sunayen sarakunan ƙarni na 12 da ke jikin duwatsun ba su dace da jerin sarakunan da littattafan Tambutu suka kawo ba. A ganinsa, marubutan ƙarni na 17 sun gina labari ne mai manufa, wato su sasanta tsakanin zuriyar Askiyoyi da malaman birni da sababbin masu mulki 'yan asalin Maroko. Ke nan duk wanda zai karanta waɗannan littattafai ya kamata ya tuna cewa an rubuta su ne bayan daular ta faɗi, kuma daga mahangar malaman Tambutu, ba daga fadar Gawo ba.

2.2 Bunƙasar Daular: Tsakanin Sunni Ali da Askiya Muhammadu

Masana ba su yi saɓani ba a kan cewa Sunni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, shi ne ya shimfiɗa daular da ƙarfin yaƙi. A lokacin da ya hau gado daular Mali ta riga ta raunana, Buzaye kuma suna riƙe da Tambutu. Ya ƙwace birnin a farkon 1469, sannan ya ci Janne wajen 1473 bayan doguwar tsarewa. Ya haɗa rundunar dawaki da ta jiragen ruwa, abin da ya ba shi damar mallakar kogin Kwara tun daga Janne har Dandi. Da wannan ne biranen kasuwanci uku, wato Janne da Tambutu da Gawo, suka shiga hannu ɗaya, tare da cinikin zinariyar da ke fitowa daga kudu da gishirin da ke zuwa daga Sahara.

Saɓanin yana kan yadda za a auna mutumin. Littattafan Tambutu sun zana shi a matsayin azzalumi mai wulaƙanta malamai, domin bayan ya shiga birnin ya kashe wasu daga cikinsu, wasu kuma suka gudu Walata. Marubutan farko na Turai sun ɗauki wannan zance kusan yadda yake. Jean Rouch, a aikinsa na 1953, ya kawo wata fuska daga adabin baka na mutanen Songhai, inda ake tuna Sunni Ali a matsayin gwarzon sarki mai asiri. Boubou Hama na Nijar a 1968, da Adam Konaré Ba a 1977, sun ci gaba da wannan ƙoƙari na wanke shi. Lansiné Kaba kuwa, a maƙalarsa ta 1984, ya fassara rikicin a matsayin gwagwarmayar neman iko tsakanin fada da wani rukuni na malamai da attajirai waɗanda ke da alaƙa ta kusa da Buzayen da aka kora. Idan aka yi la'akari da cewa su kansu littattafan Tambutu sun ambaci wasu malamai da Sunni Ali ya girmama, za a ga cewa bayanin Kaba ya fi dacewa da hujjojin da ke ƙasa.

Bayan rasuwar Sunni Ali, ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, Muhammadu ɗan Abubakar, ya yaƙi magajinsa Sunni Baru a Anfawo a watan Afrilun 1493, ya karɓe mulki da laƙabin Askiya. Ya tafi aikin hajji tsakanin 1496 da 1498. Al-Sa'adi ya ce ya tafi da mahaya 500 da dakaru 1,000 da misƙali 300,000 na zinariya. Ya dawo da izinin wakilcin halifa a ƙasashen Takrur. Ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya riga ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amsoshin da malamin ya ba Askiya sun halatta masa ƙwace mulkin da ya yi, kuma Hunwick ya buga su tare da sharhi a 1985. Waɗannan amsoshi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dogara da su ƙwarai a littafinsa Siraj al-Ikhwan, wato bayan kimanin shekaru 300.

Sékéné Mody Cissoko, a littafinsa na 1975, ya fi mayar da hankali ga tsarin mulki. Ya bayyana sarautu irin su Kurmina-fari, mai riƙe da lardunan yamma daga Tindirma, da Dandi-fari mai riƙe da kudu maso gabas, da Balama wanda yake babban kwamanda ne, da Hi-koi mai kula da jiragen ruwa. A ganinsa Songhai ta fi Mali tsari da tattara iko a tsakiya. Hunwick ya yarda da wannan a kan ƙasashen bakin kogi, amma ya nuna cewa ƙasashen da ke nesa gaisuwa kawai suke aikawa, ita ma sai idan suna tsoron farmaki. A taƙaice, za a iya cewa Sunni Ali ya samar da ƙasa, Askiya Muhammadu kuma ya samar da halaccin mulki da tsarin riƙe ta, alhali mafi yawan sarautun da ya yi amfani da su ya gaje su ne daga gidan da ya kawar.

2.3 Iyakar Ikon Songhai a Ƙasar Hausa

Wannan mas'ala tana da muhimmanci ga ɗaliban tarihin ƙasar Hausa, domin taswirori da yawa na littattafan makaranta suna sanya Kano da Katsina da Zazzau a cikin daular Songhai. Tushen wannan zance shi ne littafin al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Italiya a 1550. Shi ne ya ce Askiya ya ci Gobir da Katsina da Zazzau da Zamfara, ya kuma tsare Kano har ta amince da biyan haraji. A shekarar 1978 Humphrey Fisher ya bi diddigin wannan bayani, ya nuna cewa littattafan Tambutu ba su ambaci cin Kano ba, duk da yadda suke lissafa yaƙe-yaƙen Askiya ɗaya bayan ɗaya. Haka shi ma littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, bai kawo labarin ba. Saboda haka masana da dama a yau suna shakkar cewa an taɓa yin wannan mamaya.

Abin da ya tabbata a littafin al-Sa'adi shi ne Askiya ya kai yaƙi Agadas har sau biyu, kuma bayan dawowa daga na biyun, wajen 1516, Kanta ya yi masa tawaye saboda rikicin rabon ganima. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta. Rundunar da aka aika don a murƙushe ta ba ta yi nasara ba, haka kuma Askiya Muhammadu Bankan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya sha kashi a hannun Kabawa. Wannan ya nuna cewa tun daular tana ganiyarta ta kasa ladabtar da wani talakanta da ke maƙwabtaka da lardin Dandi. Paul Lovejoy, a maƙalarsa ta 1978, ya nuna cewa tasirin Songhai a ƙasar Hausa ya fi bayyana ta fuskar kasuwanci, ta hannun Wangarawa fatake da malamai. Ke nan zai fi dacewa a yi maganar tasirin ciniki da ilimi maimakon mulkin kai tsaye.

2.4 Dalilan Faɗuwar Daular

Ana iya kasa ra'ayoyin masana game da faɗuwar Songhai gida huɗu.

2.4.1 Lalacewar Ɗabi'u

Wannan shi ne ra'ayin su kansu marubutan ƙarni na 17. Al-Sa'adi ya danganta musibar ga saɓon da ya yawaita a fada a ƙarshen zamanin Askiyoyi, wanda ya jawo fushin Ubangiji. Masana na zamani ba su ɗauki wannan a matsayin bayanin tarihi kai tsaye ba, amma yana da amfani ta fuska biyu. Da farko yana nuna yadda malaman Tambutu suka fahimci abin da ya same su. Na biyu, kamar yadda nazarin Moraes Farias ya haska, irin wannan bayani yana rage wa Marokawa laifi, waɗanda marubucin ke yi wa aiki.

2.4.2 Fifikon Makamai

E. W. Bovill, a littafinsa na 1933 a kan ayarin Sahara, wanda ya sake tsarawa a 1958, ya yaɗa ra'ayin cewa bindiga ce ta ci mashi da baka. Tushen rikicin shi ne mahaƙar gishiri ta Tagaza, wadda sarakunan Maroko suka fara nema tun zamanin Askiya Ishaƙa na ɗaya. Bayan da Ahmad al-Mansur ya hau gado a 1578, sakamakon nasarar da Maroko ta samu a kan Turawan Fotugal, sai ya matsa lamba. A watan Oktoban 1590 runduna ta bar Marrakish a ƙarƙashin Judar Basha, wani ɗan asalin Andalus, ta ratsa Sahara, ta haɗu da rundunar Askiya Ishaƙa na biyu a Tondibi, arewa da Gawo, a watan Maris na 1591. Al-Sa'adi ya ce mutanen Songhai sun fito da mahaya 12,500 da dakaru 30,000, ɗaya littafin kuma ya ce mahaya 18,000 ne da dakaru 9,700. Ko wanne aka ɗauka, sun ninka abokan gabarsu sau da yawa, amma aka fatattake su.

Babu mai musun cewa bindiga ta yi tasiri a ranar. Sai dai wannan ra'ayi bai amsa wasu tambayoyi ba. Me ya sa ba a cike rijiyoyin da ke kan hanya ba, ba a kuma tari rundunar tun tana jigace da ƙishirwa ba? Me ya sa shan kashi a fage ɗaya ya wargaza lardunan yamma gaba ɗaya? Bugu da ƙari, Kaba ya nuna a maƙalarsa ta 1981 cewa da yaƙi ya koma fadamu da dazuzzukan Dandi, a ƙarƙashin Askiya Nuhu, bindiga ta kasa. Zazzaɓin cizon sauro da kwanton ɓauna sun cinye sojojin Maroko, kuma ba su taɓa mallakar Dandi ba.

2.4.3 Rikicin Gadon Sarauta

Wannan ne ra'ayin da Hunwick da Cissoko suka fi ba nauyi. Daular ba ta da tabbatacciyar ƙa'idar gado. Shi kansa Askiya Muhammadu, bayan ya tsufa ya makance, ɗansa Musa ne ya tuɓe shi a 1529. An kashe Musa a 1531, aka tuɓe Muhammadu Bankan a 1537. An samu kwanciyar hankali a dogon mulkin Askiya Dawuda, daga 1549 zuwa 1582, amma da ya rasu sai 'ya'yansa suka koma gidan jiya, suka tuɓe Askiya Alhaji a 1586. Wato daga cikin Askiyoyi takwas da suka gabaci Ishaƙa na biyu, huɗu 'yan'uwansu ne suka kawar da su. Michael Gomez, a littafinsa na 2018, ya danganta wannan da tsarin gidan sarauta, inda ƙwaraƙwarai masu yawa suka haifi 'ya'yan sarki masu yawa, kowannensu yana ganin ya cancanta, kuma da yawansu suna riƙe da larduna da runduna.

Mafi muni shi ne yaƙin basasa na 1588. Balama Sadiƙu, ɗan Askiya Dawuda, ya kashe Kabara-farma, wato wakilin Askiya a tashar jiragen Kabara, sannan ya yi shelar tawaye, mutanen Tambutu da rundunar yamma suka mara masa baya. Askiya Muhammadu Bani ya rasu yana shirin tarbarsa, Ishaƙa na biyu ya hau gado ya murƙushe tawayen, ya kuma hukunta manyan hakiman yamma da kisa da ɗauri. Shekaru uku kacal ke tsakanin wannan da Tondibi. Masu iya magana suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa lardunan yamma ba su tashi don kare Gawo ba.

2.4.4 Sauyin Tattalin Arziki da Siyasar Duniya

Wasu masana sun ɗaga kai sun dubi abin da ke faruwa a wajen daular. Tun daga 1482, lokacin da Turawan Fotugal suka gina sansaninsu a Elmina, wani kaso na zinariyar ƙasar Akan ya fara bi ta teku. Dahiru Yahya na Jami'ar Bayero, a littafinsa na 1981 a kan manufofin Maroko na waje a ƙarni na 16, ya nuna cewa al-Mansur yana tsakanin manyan dauloli biyu ne, wato Turkawa a gabas da Sifen a arewa, don haka yana buƙatar zinariya da kuma martabar halifanci. Mubaya'ar da jakadan Mai Idris Aloma na Barno ya yi masa a farkon shekarun 1580 ta ƙara masa ƙwarin guiwa. Wannan ra'ayi ya yi bayani mai gamsarwa a kan dalilin kai harin, amma bai yi bayanin dalilin nasararsa ba. Haka kuma kyautar misƙali 10,000 da Askiya Dawuda ya aika wa al-Mansur, da tayin misƙali 100,000 da bayi 1,000 da Ishaƙa ya yi wa Judar bayan yaƙin, sun nuna cewa baitulmalin Gawo bai ƙafe ba.

2.5 Abin da Ya Biyo Baya

Marubutan farko sun ɗauki shekarar 1591 a matsayin ƙarshen wayewa a yankin. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kama malaman Tambutu a 1593 da kai su Marrakish a 1594, ciki har da Ahmad Baba, wanda bai dawo gida ba sai wajen 1608. Michel Abitbol a 1979, da Elias Saad a 1983, sun rage kaifin wannan hukunci. Sun nuna cewa ciniki da karatu sun ci gaba a Tambutu, kuma ai littattafan tarihin nan biyu a wannan zamani ne aka rubuta su. Ita ma Maroko ba ta ci ribar da ta zata ba, domin mahaƙun zinariya suna can kudu nesa da inda sojojinta suka kai. Bayan rasuwar al-Mansur a 1603 ƙasarsa ta faɗa nata rikicin gadon, sojojin da ke Tambutu kuma suka riƙa naɗa shugabanninsu da kansu, zuriyarsu ta zama al'ummar da ake kira Arma. Abin da ya ɓace shi ne daula ɗaya mai haɗa kogin daga Janne zuwa Dandi. A ƙarni na 17 da na 18 kuwa, hanyoyin ayari da ke bi ta Agadas zuwa Katsina da Kano sun ƙara muhimmanci.

2.6 Naɗewa

Daga bitar da aka yi, an ga cewa bunƙasar Songhai ta samu ne daga raunin Mali, da mallakar kogi da biranen ciniki, da kuma halaccin addini da Askiya Muhammadu ya samo wa gidansa. An kuma ga cewa ikon daular a gefe bai kai yadda taswirori ke nunawa ba, kamar yadda tawayen Kabi ya tabbatar. Game da faɗuwa, ra'ayin rikicin gado shi ne ya fi ƙarfin hujja, domin shi kaɗai ya bayyana yadda shan kashi na yini ɗaya ya zama rugujewar daula, alhali buƙatun Maroko sun bayyana dalilin harin, bindiga kuma ta bayyana sakamakon fagen Tondibi. Sai dai binciken Levtzion da Moraes Farias da Nobili ya wajabta a sake auna duk wani hukunci da aka gina a kan sassan Tarikh al-Fattash da ake tuhuma, musamman abin da ya shafi halifancin Askiya da matsayin bayi. Babi na gaba zai dubi tawayen Kanta da kafuwar Kabi, ta hanyar kwatanta bayanin al-Sa'adi da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙ al-Maisur.